Barbarar dabino da hannu: hanyar samun sabon iri a ƙasar Damagaram

Mai karatu, idan kana da dabino a garkarka, ko a Gidimuni kake, ko Mirriya, ko koramun Magarya, ko kwarurukan Gure, to ka san wannan matsala. Yawancin dabinonmu yakan fara nuna ne a watan Yuni da Yuli, daidai lokacin da ruwan sama yake sauka. Da ruwa ya taɓa ɗan dabinon da ya fara laushi, sai ya tsage, ya yi tsami, ƙwari su shige shi, ya zube. Shi ya sa masu garka da yawa suke sare nonon tun yana rawaya ko ja, su kai kasuwa da gaggawa, su sayar yadda ta kama. A cikin kasuwar nan kuwa, busasshen dabinon Bilma da na Aljeriya yana nan a buhu, mai shi ba ya sauri, domin kayansa ba sa lalacewa.

Dabino itacen hamada ne. A Bilma ruwan shekara guda bai cika kai milimita 20 ba, alhali a birnin Damagaram yakan kai wajen milimita 400. Ba mai iya hana damina zuwa. Abin da mutum zai iya shi ne ya nemi dabinon da zai nuna kafin ruwa ya kankama, ko wanda ruwa ba ya saurin ɓata shi. Irin wannan dabino ana iya samar da shi a garka, kuma aikin yana farawa ne daga ranar da ka ɗauki furen namiji da hannunka.

Namiji da mace

Dabino ba kamar mangwaro ko lemo ba ne. Akwai namiji, akwai mace, kowane da gindinsa. Namiji ba ya yin ƴaƴa. Aikinsa ya fitar da fure mai wani farin gari kamar garin gero mai laushi, wanda za mu riƙa kira garin fure. Mace ita ke yin ƴaƴa, amma sai garin furen namiji ya sauka a kan nata furen. Wannan haɗuwa ita ce barbara. Waɗansu manoma sukan ce an yi wa dabino aure.

Furen kowannensu yana fitowa ne a cikin wani kube mai tauri, daga tsakanin ganyayen kan itacen. Kuben namiji gajere ne mai faɗi. Idan ya tsage za ka ga silin furanni farare a cunkushe, masu ƙamshi, in ka girgiza su gari ya tashi. Kuben mace ya fi tsawo da siranta, furanninta kuma ƙananan ƙwayoyi ne jere a jikin sili, ba su da gari.

Kowane furen mace yana da ƴan ƙwayoyi uku a cikinsa. Idan barbara ta kama, ɗaya ce take girma ta zama dabino mai ƙwallo, biyun su bushe su faɗi. Idan ba ta kama ba, sau da yawa duka ukun sukan ɗan girma tare, ƙanana, ba ƙwallo, ba zaƙin kirki. Saboda haka duk ranar da ka ga dabino uku-uku manne a wuri guda, ka sani garin namiji bai kai wurin ba. Wannan alama ce mai amfani ƙwarai, za mu sake komawa kanta.

A daji iska ce take ɗaukar garin. Amma iska ba ta da tabbas, sai in maza suna da yawa kusa da matan, namiji kuwa yana shan ruwa yana cin wuri ba ya ba da ko ɗaya. Tun zamanin da mutane suka gane haka. Dokokin sarki Hammurabi na ƙasar Babila, wajen shekara 1750 kafin haihuwar Annabi Isa, sun yi maganar mai lambun da aka ba wa aikin barbarar dabino. A cikin Sahihu Muslim ma akwai hadisin da ya nuna mutanen Madina suna wannan aiki da hannu. In ana barbara da hannu, namiji ɗaya mai kyau yakan ishi mata 25 zuwa 50.

Lokacin fure a ƙasarmu

Sanyi ne yake tayar da furen dabino. A ƙasashen Larabawa da arewacin Afirka sau ɗaya yake fure a shekara, bayan sanyinsu ya wuce. A kudu maso gabashin Nijar kuwa akwai abin mamaki: dabino yakan yi fure sau biyu. Wani mai bincike Bafaranshe, Michel Jahiel, ya yi nazarin wannan hali a kudancin Nijar, ya kammala aikinsa a 1996. Babban furen shi ne na hunturu, daga wajen Disamba zuwa Fabrairu, kuma kusan kowane itace yana yin sa. Daga barbara zuwa nuna akan ɗauki wata biyar zuwa shida, shi ya sa ƴaƴan wannan fure suke cin karo da damina. Ƙaramin furen yana zuwa ne wajen ƙarshen damina. Ba kowane itace yake yin sa ba, ƴaƴan kuma ba su da yawa, amma suna nuna cikin rani, su bushe a kan itace, su yi daraja.

Ka riƙe wannan a zuciya. Macen da take yawan yin fure na biyu dukiya ce, kuma tana cikin waɗanda ya kamata a zaɓa a matsayin uwa.

Yadda ake barbara

Ka riƙa duba mazanka kowace safiya idan lokaci ya yi. Kuben da ya nuna yakan yi ruwan ƙasa, in ka matsa shi ka ji ɗan ƙara daga ciki. Ka yanke shi ranar da ya fara tsagewa, ko ana gobe zai tsage. In ka bar shi ya buɗe sosai, iska da zuma za su kwashe garin. Ka buɗe kuben, ka rarraba silin, ka shanya su a kan takarda ko faranti a cikin ɗaki mai inuwa, inda iska ba ta kaɗawa. Kada ka shanya a rana, kada kuma ka ƙulle ɗanyen fure a leda, zai yi fumfuna. Bayan kwana biyu ko uku garin zai zubo a kan takardar.

Ita kuwa mace, kwana biyu zuwa huɗu na farko bayan kubenta ya tsage su ne lokacin da ta fi karɓa. In aka wuce mako guda, yawancin furannin sun riga sun ƙi. Ka hau da sili uku zuwa biyar na namiji. Ka girgiza su a kan furen macen, sa'an nan ka cusa su a tsakiyar nonon, kansu yana kallon ƙasa, don garin ya riƙa zubowa a hankali. Ka ɗaure nonon da ganyen dabino ko kaba, ɗauri sako-sako wanda zai saki da kansa idan ƴaƴan suka fara girma. In busasshen gari kake da shi, ka dangwala ƴar auduga a ciki, ka shafa, ka bar audugar a tsakiyar nonon.

A nan ne sanyi yake da ruwa a cikin maganar. Garin fure ya fi kamawa idan zafi ya kai digiri 25 zuwa 30. Da asubar hunturu a Damagaram sanyi yakan sauka ƙasa da haka nesa. Don haka kada ka yi sammakon hawa. Ka bari hantsi ya dubi ludayi, raɓa ta bushe, ka yi aikinka tsakanin hantsi da azahar. Ranar da iskar hunturu take bugawa da ƙarfi, ka ɗaure nonon da kyau, ko ka rufe shi da takarda, in ba haka ba garin zai bi iska. A lokacin fure na biyu kuma, idan ruwa ya sauka ƴan sa'o'i bayan ka yi barbara, ya wanke garin ke nan, sai ka sake.

Mace ba ta buɗe kubenta duka rana ɗaya. Za ka hau itace guda sau uku ko huɗu kafin lokacin ya wuce. Ka fara sassare ƙayoyin gindin ganye, domin ƙayar dabino takan karye cikin nama ta kumbura. Ka kuma yi amfani da igiya mai ƙarfi a ƙugu.

Wani lokaci mace takan riga namiji fure, musamman a fure na biyu, inda mazan da suke fure ba su da yawa. Maganin wannan shi ne ajiya. Garin da ya bushe sarai, in an zuba shi a kwalba mai murfi aka ajiye a wuri mai sanyi marar laima, yakan yi watanni. A cikin firji yakan kai shekara. Ƙungiyar masu garka da take da firji ɗaya mai aiki da hasken rana tana iya ajiye wa gari guda.

Uban yana da tasiri tun a shekarar farko

Ga wani abu da mutane da yawa ba su lura da shi ba. A yawancin itatuwa, halin uba ba ya bayyana sai an shuka ƙwallon ya girma. A dabino kuwa, namijin da aka yi barbara da shi yana iya canza girman ƴaƴan wannan shekarar, da girman ƙwallonsu, har da lokacin nunarsu. Masana a Amurka, Walter Swingle da Roy Nixon, su ne suka tabbatar da haka da gwaji a shekarun 1920. Sun ga garin wani namiji yana sa dabino ya nuna da wuri, na wani kuma yana sa ya yi girma amma ya makara. Bambancin yakan kai kwanaki da dama, wani lokaci makonni.

Ga mai garka a Damagaram wannan ba ƙaramin abu ba ne. Mako biyu suna iya raba dabinon da ya nuna da wanda ruwa ya ɓata. Kuma gwajin ba ya cin ko dala. Ka zaɓi mace ɗaya, ka yi wa nono biyu barbara da namiji na farko, biyu kuma da namiji na biyu, a rana ɗaya in zai yiwu. Ka ɗaura wa kowane nono ƙyalle mai launi dabam. Ka rubuta ranar barbara, da ranar da ya fara canza launi, da ranar da ya fara laushi. Ka maimaita shekara biyu ko uku kafin ka yanke hukunci, domin shekaru ba su zama ɗaya ba.

Me ya sa ƙwallo ba ya gadon uwarsa?

Hausawa sukan ce kyan ɗa ya gaji ubansa. Ƙwallon dabino yana gado, amma rabi daga uwa ne, rabi daga uba, kuma rabon yana cakuɗewa sabo a kowane ƙwallo. Ka ci dabino mai zaƙi ka shuka ƙwallonsa, bayan shekaru ka tarar albasa ba ta yi halin ruwa ba. Kusan rabin abin da ya tsiro maza ne. A cikin matan kuma, yawanci ba sa kai uwarsu kyau. Amma jefi-jefi akan sami wadda ta fi uwar. Mashahuran irin dabino na duniya, kamar Majhul na Maroko da Dagalat Nur na Aljeriya da Tunisiya, duk daga ƙwallo guda kowannensu ya fara. Wani ne ya lura da itacen, ya riƙa cire ƴaƴan gindinta yana dasawa.

Ƴaƴan gindi su ne tohon da yake fitowa a gindin itacen tun tana ƙarama. Ɗan gindi ba shi da uba. Jikin uwar ne, saboda haka halinsa nata ne sak: in mace ce shi ma mace, in mai zaƙi ce shi ma haka. Dubi labarin Majhul. A 1927, lokacin da wata cuta mai suna bayud take kashe dabino a Maroko, Swingle ya ɗauki ƴaƴan gindi 11 daga garin Budnib ya kai Amurka. Tara suka rayu. Daga waɗannan tara ne aka yaɗa Majhul ɗin da ake nomawa a Amurka da wasu ƙasashe da dama.

To, ga ƙa'idar a taƙaice. Ƙwallo ne yake kawo sabon iri, ɗan gindi ne yake tsare shi.

A ƙasarmu yawancin dabino daga ƙwallo ya tsiro, wani an shuka, wani ya fito da kansa inda aka yar. Wannan ne ya sa itatuwan garka guda ba su kama da juna, kuma ƴan kasuwa ba sa samun kaya iri ɗaya. Amma akwai alheri a ciki. Binciken da Oumarou Zango da abokan aikinsa suka wallafa a 2016 da 2017 a kan dabinon Damagaram da Manga ya nuna yana da bambancin gado mai yawa. Ma'ana, an daɗe ana gwaji a garake ba tare da an shirya ba. Mai yiwuwa macen da ake nema tana nan tsaye a garkar wani. Don haka, a ganinmu, matakin farko ba shuka ba ne. Ka zaga, ka tambayi dattawa: wace itace take riga kowa nuna? Wacce ruwa ba ya tsaga ƴaƴanta? Wacce take fure sau biyu kowace shekara? In ka same ta, ka nemi ɗan gindinta.

Haɗa uwa da uba da gangan

Idan kana son ka wuce nan, ka samar da iri da kanka, sai ka zaɓi uwa ka zaɓi uba. Zaɓen uwa mai sauƙi ne, tunda kana ganin ƴaƴanta. Uba shi ne mai wuya, domin ba ya yin ƴaƴan da za ka ɗanɗana. Akan auna shi ne da danginsa. Namijin da ya tsiro daga ƙwallon mace mai kyau yana ɗauke da rabin halinta. In ka san uwarsa, ko ka ga ƴan'uwansa mata suna nuna da wuri, to shi ne naka. Ka ƙara duba ko yana fure da wuri, ko garinsa yana da yawa.

Barbarar neman iri ta bambanta da ta neman amfani a abu guda: dole ka hana garin wani namiji shiga. Kafin kuben macen ya tsage, ka rufe shi da jakar takarda mai kauri, ka ɗaure bakin da auduga a ciki. Kada ka sa leda, zafi zai dafa furen. Idan ya tsage a cikin jakar, ka buɗe a lokacin da iska ta kwanta, ka sa garin namijin da ka zaɓa, ka mayar da jakar. Bayan mako biyu zuwa uku ka cire ta. In za ka yi aiki da namiji fiye da ɗaya, ka wanke hannu da wuƙa tsakaninsu, ka kakkaɓe riga, garin nan yana maƙalewa ko'ina.

Ka bar nono ɗaya a rufe ba tare da ka sa masa gari ba. Wannan shi ne shaidarka. In ya fito uku-uku ba ƙwallo, jakarka ta tsare. In ya yi ƴaƴa masu ƙwallo, wani gari ya shiga, ba ka san uban sauran ba ke nan.

Idan ƴaƴan sun nuna sarai, ka cire ƙwallayen, ka wanke, ka jiƙa su kwana biyu ko uku kana canza ruwan. Ka shuka a leda mai zurfi, domin saiwar dabino ƙasa take nufa, zurfin gaɓar yatsa ɗaya ko biyu. Cikin zafi sukan tsiro a wata ɗaya zuwa biyu. Bayan shekara guda ka dasa su a layi. Kowane layi ka rubuta sunan uwa da na uba da shekara, a littafi da kuma a jikin ƙarfe ko dutse. Wanda ya koyi rubutu a ajin yaƙi da jahilci, ga inda zai more shi. Shekara shida nan gaba ba wanda zai tuna wane layi ne na wa.

Sai haƙuri. Dabinon ƙwallo yakan fara fure ne bayan shekara huɗu zuwa takwas, gwargwadon ruwa da taki. Kafin nan ido ba ya rarrabe namiji da mace. A 2011 masana a Katar sun karanta tsarin gadon dabino, suka gano alamomin da suke bambanta jinsin biyu, kuma yanzu ana iya gane su daga ganyen ɗan tsiro a ɗakin bincike. Ga mai garka dai, fure ne alƙali. Mu ɗauka ka shuka 100 duka sun rayu. Wajen 50 za su fito maza, ka bar biyu ko uku mafiya kyau, ka cire sauran. Matan 50 ka ɗanɗana su shekara uku a jere, domin ƴaƴan farko ba su cika nuna ainihin halin itace ba. In ka sami ɗaya ko biyu da suka fi uwarsu, ka yi nasara. Ko a Amurka, inda gwamnati ta fara irin wannan aiki a tashar Indiyo ta Kalifoniya a 1948, an yi shekaru masu yawa ana yi, kuma zuriya ɗaya takan ci shekaru da dama. Saboda haka kada ka ba da garkarka duka ga gwaji. Gefe guda ya isa, kuma tsakanin layukan kana iya ci gaba da noman albasa, rogo ko kabeji.

Ɓaure ma haka ne

Ba dabino kaɗai ake yi wa wannan ba. Ka taɓa fasa ɗan ɓaure ka ga ƙananan ƙwari a ciki? Furen ɓaure a cikin ɗan yake, kuma waɗannan ƙwari su ne masu kai masa garin fure. Ɓauren lambu na ƙasashen Bahar Rum yana da nasa ƙwaron. Da aka kai wani irinsa daga Turkiyya zuwa Kalifoniya, ya yi ta zubar da ƴaƴa, har a 1890 wani mai lambu, George Roeding, ya sa garin fure cikin ƴaƴan da hannu suka nuna. A 1899 aka kawo ƙwaron daga Aljeriya. A ƙasashe masu tsananin sanyi kamar Kanada, inda ƙwaron ba ya rayuwa, masu neman sabon irin ɓaure da hannu suke cusa garin ta ɗan ramin da yake ƙasan ɗan ɓauren. Kai aikinka ya fi nasu sauƙi, furen dabino a fili yake.

Idan ka sami macen da kake nema

Ka ba ta suna, ka rubuta. Ka tara ƙasa mai laima a gindinta don ƴaƴan gindin su yi saiwa. Kada ka yi gaggawar cire su. Ɗan gindi mai shekara uku zuwa biyar, mai nauyin kilo 10 zuwa 20, shi ya fi kamawa. A raba shi da uwar da ƙarfe mai kaifi, sara guda mai tsabta, a rage masa ganye, a ɗaure sauran, a dasa a yi masa inuwa da zana ko kaba. A shayar da shi kullum a makonnin farko, amma kada ruwa ya shiga zuciyarsa. A bar tazarar mita 8 tsakanin itace da itace. Dabino a ƙuruciyarta take yin ƴaƴan gindi, in ta yi tsawo takan daina, don haka kada ka bari lokacin ya wuce.

Kada ka tara ƴaƴan gindin duka a garka ɗaya. Ka ba maƙwabta, ka ba na wani ƙauye, don a ga yadda irin zai yi a wata ƙasa da wani ruwa, musamman inda akwai kanwa. Haka kuma in gobara ko fari ko rairayi ya cinye garka guda, irin bai ɓata ba. Ka sanar da malamin gona na yankinku. Cibiyar binciken noma ta ƙasa, wato INRAN, da jami'ar Damagaram su ne wuraren da ya kamata labarin irin wannan itace ya kai. A ƙetaren iyaka kuma, a Dutse ta jihar Jigawa, akwai tashar binciken dabino ta hukumar NIFOR, inda damina take cin karo da nunar dabino kamar yadda take yi a nan.